Lissafin Ɗan Canji

Shekara talatin ina bakin tasha,
inda motocin Ɗan Isa ke lodi.
Teburina ƙafa uku, ta huɗu bulo ce,
naira a dama, sefa a hagu,
ni a tsakiya ina tsintar abin da ya faɗo.

Jiya da hantsi rediyon Nomau mai shayi
ta kawo zancen manya:
wai ƙasashe su ƙulla tarayya,
tuta guda bisa tutoci,
majalisa guda bisa majalisu,
kuɗi guda.
Kuɗi guda! Sai da na ƙware.
Nomau ya ce, "Tsalha, naɗe tabarmarka,
ran da aka rushe katanga
ƙadangare ya rasa wurin shan hantsi."

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba.
Bai yi ƙarya ba, iyaka ce gonata.
Ba ni na ja layin ba,
an ja shi a ɗakin da kakana bai san ƙofarsa ba,
amma da shi na yi rufin kwano,
da shi Bashari ya gama lakwal.

Da dare na ɗaure damman kuɗi da roba,
lissafi ya ƙi fita.
Na tuna yayata Barira a Jibiya,
shekarar da aka datse hanya.
Ta cika ban kama makararta ba,
tafiyar da ba ta kai ta yini ba.
Dafitenmu ya ce ba huruminsa ba ne,
nasu ya ce ni baƙo ne,
na dawo da kukana a aljihu
kamar tsohuwar takardar da aka daina amsa.

Na tuna Gulbi.
Ruwa ya taso daga can
bai nuna wa duwan takarda ba,
in an tare shi a sama, mu nan yashi muke gani,
tumatirin Mati ya yi yaushi a fadama.
Ruwa ɗaya, majalisa biyu,
kowace ta ba ƴar'uwarta ƙeya.

To in za a gina zauren nan,
ku ji daga mai tebur gurgu.
Kada ya zama inuwar giginya.
Kada giwa ta shigo da faɗinta
ta ce wa zomo matsa kaɗan, matsa kaɗan,
har ya tsinci kansa a waje.
A ƙirga kawuna a ɗaki guda,
a ƙirga ƙasashe a ɗaya ɗakin,
don mai yawan ƴaƴa
kada ya sha furar gida duka.
Wanda zai zauna da sunan Maraɗi
yatsana ya sha tawada a kansa,
in ya yi barci kuma yatsan ya tashe shi.
A yi muhawara da bakin da Mati ke ji.
Majalisar Yamai kada a yashe ta
ta koma rumbu ba hatsi:
rijiya da burtali da harajin kasuwa namu ne,
ruwa da hanya da tsaron dare
su ne za mu ɗauka tare.

Ni ban taɓa amsar jikka goma
ban ɗaga ta a rana ba.
Yarjejeniya ma a ɗaga ta haka,
kowa ya ga zaren da ke ciki.

Yau da safe Nomau ya zuba mini rabin kofi,
ya ce, "To, in sun haɗe fa?"
Na ce in kira kafinta
ya sa wa teburin ƙafa ta huɗu,
in kasa aya da albasa,
ran Juma'a in hau mota ba mai tambayata,
in je in ga inda aka sa Barira.

Kafin nan, ga wata mata da ƙullin zane.
"Malam, yau nawa take?"
Na lashi yatsa, na fara ƙirga.